Sifirin mota ko tsohon magagari: da wanne za ka ƙera wuƙarka ta farko?

Wani ɗan yayata da ke karatu a Marwa ya zo hutu nan Garwa ya tarar da ni a bayan gida ina buga ƙarfe, ya tsaya yana kallo har magariba, washegari sai ga shi da tsohon magagari a hannu wai Kawu ni ma da wannan zan fara. Na ce masa zauna tukun mu yi magana, don wannan zaɓin da kake gani ƙarami shi ne yake sa mutum ya ci gaba da ƙira ko kuma ya watsar da ita tun a wuƙar farko. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa a nan, amma da ɗan tsawo tunda shi ya gani da ido, ku kuma sai dai bayani.

Ni dai ba gadon ƙira na yi ba, gidanmu ba maƙera ba ne, aikin da nake ci da shi daban, ƙira sha'awa ce kawai nake yi Asabar da Lahadi in rana ta yi sanyi. Abin da na sani na koya ne wajen wani dattijo maƙeri da ya yi haƙuri da tambayoyina, sauran kuma daga karatu da kuma ƙarafan da na lalata da hannuna. Mu da ke nan ba mu da shagon da za ka shiga ka ce a ba ka ƙarfen wuƙa mai lamba kaza kamar yadda turawa ke saya, wajen 'yan gwangwan da garaji ne kasuwarmu, kuma a can abu huɗu ne za su ja hankalinka: rodin gini, boris wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa taya ta juya sumul, sifirin na mota wato dogayen ganyen ƙarfen nan da aka jera a ƙarƙashin mota suna ɗaukar nauyinta, wanda makanikai a nan ke ce wa lam, da tsohon magagari.

Biyu daga ciki bari in sallame su da wuri. Rodi ka bar shi wa magina. Yana da araha, yana da laushi a ƙarƙashin guduma, in kana son koyon yadda ake fitar da tsini ko ka ƙera awartakinka toh ya yi, amma wuƙa a'a, don kabon ɗin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe ya yi tauri in an gasa shi an tsoma a ruwa ko mai, kaɗan ne kuma ba tabbas, sanda ɗaya ta ɗan yi tauri ɗaya ta ƙi, sai ka kwana biyu kana wahala ka samu wuƙar da tun kafin a gama yanka albasa ta dakushe. Boris kuma ƙarfe ne na gaske, kabon kusan kashi 1 cikin 100 da kuromiyom kusan 1.5, wuƙarsa tana riƙe kaifi sosai, amma yana da taurin kai, ko ya yi ja sai ka ji kamar dutse kake duka, kuma in ka kuskure wuta kaɗan sai ya tsage. Ka ajiye shi sai hannunka ya faɗa. Gasar gaskiya tsakanin sifirin ne da magagari.

Duk bambancinsu daga kabon yake farawa. Ƙarfe in kabon ɗinsa bai kai wajen 0.4 cikin 100 ba, ko ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara ba zai yi taurin da wuƙa ke so ba. Sifirin na mota galibi yana tsakanin 0.5 da 0.6, sannan an haɗa masa wasu sinadarai kamar kuromiyom ko silikon don ya riƙa lanƙwasa yana dawowa, wanda aka fi sani da shi shi ne mai lamba 5160, na motocin Japan kuma akwai danginsa SUP9. Magagari mai kyau kabon ɗinsa ya kai kashi 1 ko ya ɗan wuce, kusan ninki biyu kenan, don an yi shi ne ya ci wani ƙarfen. Toh kaga ɗaya an haife shi don juriya ɗaya don tauri, kuma halin nan ba ya barinsu ko sun zama wuƙa.

Na san abin da ke jan mutane wajen magagari don ni ma shi ya fara ja na. Ya riga ya yi siffar wuƙa, dogo, shafal, kaurinsa bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, ga wutsiyarsa a shirye da za ta shiga ɓota, wato rabin aiki an yi maka. Wanda ba shi da uwar maƙera ma zai iya yin wuƙa da shi ba tare da ya buga ko sau ɗaya ba, ya gasa shi ya yi ja ya binne a toka ya kwana ya huce a hankali ya yi laushi, da safe ya zana siffa ya gurza. Kuma maganar kaifi, gaskiya in aka yi shi daidai sifirin ba ya kamo shi. Bakinsa yana yin siriri ya zauna, irin wuƙar da mai kilishi zai so don shimfiɗa nama fele-fele, ko baduku don yankan fata, kana aske gashin hannu da ita ba wani ja.

Amma "in aka yi shi daidai" ɗin nan ita ce matsalar. Na farko ba kowane magagari ne magagari ba yanzu. Akwai masu araha da ke cika kasuwa waɗanda fatarsu ce kawai aka taurara, ciki ƙarfe ne mai laushi, kana gurje haƙoran ka gurje duk amfanin. Kafin ka ɓata gawayinka ka gwada: ka gasa ƙarshensa ya yi ja ka tsoma a ruwa, ka matse shi ka rufe da tsumma ka buga, in ya karye ƙas kamar gilashi na ƙwarai ne, in ya lanƙwashe toh mayar da shi cikin tarkace. Ko ka taɓa shi da injin gurza ka kalli tartsatsin, mai kabon da yawa tartsatsinsa yana fashewa yana rassa birjik kusa da dutsen, maras kabon kuma dogayen layuka ne kawai suke tafiya. Tsofaffin da aka gada wajen kafinta ko makaniki, masu tambarin kamfani a gindi, su ne abin nema.

Na biyu haƙoran. In za ka buga shi dole ka gurje haƙoran nan tas tun farko, aƙalla wajen da zai zama baki, don kowane layi in guduma ta danne shi ciki ya zama wurin da tsaga za ta fara. Wasu suna barin su a gadon bayan wuƙa don ado, yana da kyau a ido ban musa ba, amma tsatsa da kitsen nama a nan suke maƙalewa.

Na uku kuma shi ne babba, magagari ba ya yafe kuskuren wuta. In ka bar shi ya wuce ruwan lemo ya shiga fari har ya fara tartsatsi a cikin gawayi, ya ƙone, wajen nan ya mutu sai yankewa. In kuma ka ci gaba da dukansa bayan jan ya dushe, yana tsagewa a ɓoye ba ka sani ba sai ranar tsomawa. Tsakanin zafin da ya yi yawa da wanda ya yi kaɗan tazarar 'yar kaɗan ce, kuma sabon hannu bai iya karanta launin wuta ba tukun.

Tawa ta farko haka ta tafi. Sati uku ina aikinta, na fitar da tsini mai kyau, na gurza bakin har ya kusa yanka tun ba a tsoma ba, na ɗebo ruwan randa mai sanyi a bokiti don na ji ana cewa magagari ƙarfen ruwa ne. Ina tsomawa na ji wani ɗan sauti ƙis, ƙarami, kamar an taka busasshen kara, amma har cikin awartaki na ji shi a tafin hannuna. Da na ciro na goge sai ga layi siriri kamar gashi ya taso daga baki ya nufi baya, guda biyu ma. Na kai wa dattijon nan ya juya ta a hannu ya ɗora a uwar maƙera ya ɗan taɓa da guduma ta rabu, ya nuna mini cikin karayar ya ce ɗana dubi nan, ka ga ƙwayoyin manya-manya suna ƙyalli kamar sukari, wuta ka ba ta fiye da ƙima, sannan ka sirance bakin, sannan ka jefa ta ruwan sanyi, laifi uku ka haɗa mata. Na ce Baba yanzu ba gyara? Ya ce babu, sai dai ka ajiye ta kana kallo. Har yau tana nan a kan taga, kuma in na karya gwaji na ga cikinsa sumul launin toka kamar garin siminti na san wuta ta yi daidai, in na ga sukari na san na wuce.

Toh sifirin fa. Shi wahalarsa a gaba take, a fili, ba ya ɓoye maka. Ganye ɗaya na bayan Hilux ko Land Cruiser ko tsohuwar 504 fikof faɗinsa ya kai yatsu uku zuwa huɗu, kaurinsa wajen milimita 6 zuwa 8, ga shi a lanƙwashe, kai kuma wuƙar da kake so bayanta bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Wato sai ka miƙar da shi, ka tsaga shi a tsaye, ka yi ta duka kana shimfiɗawa, zufa kam za ka yi ta, musamman in ka ce a watan Maris ko Afrilu za ka yi lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, shi ya sa ni na fi yin aikin duka da sanyin hunturu. Na manyan motoci kuma, irin tirelolin da ke ɗaukar kaya daga Ngaundere zuwa Njamena, kar ma ka ɗauko, kaurinsu sai mai masaba da mataimaki, kai kaɗai da guduma za ka ƙare buhun gawayi ba ka kai ko'ina ba. Gawayi ma sifirin ya fi ci nesa ba kusa ba, wutar da za ta gama maka magagari biyu da kyar ta gama sifirin ɗaya.

Sai dai duk wannan dukan da kake gani kamar asara shi ne makarantar. A kan sifirin ne za ka koyi inda guduma ke tura ƙarfe, ka ga yadda in ka bugi gefen baki wuƙar take lanƙwashewa baya kamar lauje sai ka koyi fara lanƙwasa ta gaba kafin ka fitar da bakin, ka koyi juya ta kana ƙirga duka a kowane gefe. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, haka ne, amma sifirin yana ba ka lokaci, yana riƙe zafi saboda kaurinsa, kuma in ka ɗan wuce wuta ko ka ɗan makara ba ya saurin fushi irin na magagari. Wanda ya fara da gurza magagari kawai ya samu wuƙa amma bai koyi ƙira ba tukun, wannan ra'ayina ne kuma ina tsaye a kai.

Aibinsa na ɓoye ɗaya ne kuma kar ka raina shi. Sifirin da ka samu a wajen 'yan gwangwan ya yi shekaru yana shan ramukan hanya da lodi fiye da ƙima, ƙarfe kuma yana gajiya, yana yin ƙananan tsaga da ido ba ya gani. Don haka ganyen da ya karye da kansa a mota kar ka karɓa ko kyauta ne, in ya karye a wuri ɗaya akwai 'yan uwan karayar a kusa. Ka nemi wanda aka cire lafiyayye, ka guji tsakiya wajen ramin ƙusa da wuraren da tsatsa ta ci ta yi rami, ka gurje fatar ka duba, in ka gasa shi ya fara ja tsaga takan fito kamar baƙin zare a cikin jan. Ka rataye shi ka ƙwanƙwasa, lafiyayye yana amo mai tsawo. Sannan ka sani ba duk sifirin ne iri ɗaya ba, don haka in ka samu ganye mai kyau ka yanki ɗan guntu ka tsoma ka karya ka gani kafin ka zuba masa kwanaki. Daɗin abin, ganye ɗaya zai ba ka wuƙa huɗu ko fiye, duk halinsu ɗaya, abin da ka koya a ta farko zai yi maka aiki a ta biyu. Magagari kuwa kowanne da halinsa, kullum sabon baƙo.

Kayan aiki kusan ɗaya ne ga duka biyun. Rami a ƙasa ko tsohon ƙarfen taya da aka shafe da yumɓu, bututu, da abin hura iska, zuga-zugin fata in kana da mai ja maka, ko irin mai ƙafar keke da ake juyawa da hannu. Gawayin ƙirya maƙera suka fi so kuma da dalili, yana da nauyi yana daɗewa yana ba da zafi, ka farfasa shi ƙanana kamar goro. Uwar maƙera ta gaske tsada gare ta, guntun ƙarfen dogo yana yi, kuma tunda jirgin ƙasa a Ngaundere ya tsaya ta can aka fi samunsa wajen masu tsohon ƙarfe, in babu ko kan babbar masaba da aka kafa a kututture ya isa. Bambancin kawai, magagari guduma mai kilo 1 ta ishe shi, sifirin yana son mai kilo 1 da rabi da uwar maƙera da ba ta tsalle. Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka sa bututu ko wani ƙarfe mai farin shafe na zinki a wuta, hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi, kuma kar ka hura gawayi a rufaffen ɗaki.

Yanzu ranar tsomawa, ranar da ake rabuwa. Kafin ita, ko wanne ka zaɓa, ka gasa wuƙar ta yi ja daidai ka ciro ka bar ta ta huce a iska, sau biyu ko uku, wannan yana mayar da ƙwayoyin ƙarfen ƙanana ya sauke gajiyar duka, ga magagari wajibi ne ba zaɓi ba. Ka bar bakin da kauri kamar milimita 1, kar ka wasa tukun. Ka jira bayan magariba ko ka shiga inuwa mai duhu, don a hasken rana jan da kake gani kaɗan a gaskiya ya riga ya wuce. Ka nemo maganaɗisu na tsohuwar sifika ka ɗaure a waya, ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, kana taɓawa kana mayarwa har ka ji ya sake. Daga nan magagari ɗan ƙari kaɗan yake so, wajen 800, shi kuma sifirin ya fi son ka ƙara masa ya kai wajen 830 zuwa 850 ka ɗan riƙe shi a nan. Ka ga ko a nan sifirin ya fi sauƙi, don kuskuren sabon hannu kullum wuce wuta ne, kuma shi wucewar kaɗan ba ta kashe shi.

Ruwa ko mai? Ga sifirin amsar mai ce kawai, kuromiyom ɗin da ke ciki yana sa ya taurara ko da sanyayawar ba ta da sauri sosai, ruwa kuma zai iya fasa shi. Ga magagari ne ake gardama. Gaskiya ne irin ƙarfensa yana son sanyaya mai sauri, shi ya sa tsofaffin maƙera ke amfani da ruwa kuma yana yi musu, amma su hannunsu ya san daƙiƙar da za su ciro, wasu bakin kawai suke taɓawa da ruwan su ɗaga su sake taɓawa. Kai da ba ka kai nan ba ka yi amfani da mai marar kauri da aka ɗumama, wuƙa siririya ce mai yana isarta yawanci, in ta ƙi taurara ka sake zagaye ba ka yi asarar komai ba, amma in ta tsage a ruwa shikenan. Ni man auduga nake sa wa, Diamaor ɗin nan na Sodecoton da ke kowane shago, man gyaɗa ma yana yi sai dai tsada. Lita 2 ko 3 a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ba bidon roba ba, ka gasa wani guntun ƙarfe ka jefa ciki man ya yi ɗumi wajen digiri 50, yadda za ka iya taɓa gwangwanin amma ba ka daɗe ba. Baƙin mai na inji da ake ba mutane kyauta a garaji ni na daina, hayaƙinsa guba ne, yana kama wuta, kuma wuƙar abinci ce za ka yi. Ka shigar da ita da tsini ko da baki a miƙe, ka motsa ta gaba da baya kamar kana yanka, ba gefe da gefe ba don kar ta karkace. In wuta ta tashi a saman man kar ka firgita, murfi za ka sa.

Da ta huce ka goga mata magagari a baki, in ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi ta taurara, in ya ci toh ba ta yi ba. A wannan lokacin wuƙar magagari in ta faɗi ƙasa tana iya karyewa, don haka kar ka ce sai gobe, a daren nan za ka sassauta mata taurin. Mai murhun gas ko na lantarki mai tanda ya sa ta a digiri 200 awa ɗaya, ta huce, ya sake awa ɗaya. Wanda ba shi da shi ya goge gefe ɗaya ya yi fari, ya gasa wani ƙarfe mai kauri ya ɗora bayan wuƙar a kai baki yana sama, ya zuba ido. Launi zai fara tafiya daga baya zuwa baki, farko ruwan busasshiyar ciyawa wajen digiri 220 zuwa 230, sai ruwan zuma mai duhu, sai shunayya, sai shuɗi wajen 300. Kana so bakin ya tsaya a ruwan ciyawa, bayan ya yi shuɗi ba laifi ƙarin juriya ne. Magagari na fi barinsa ya ɗan shiga ruwan zuma don ya rage saurin ɓantarewa, sifirin kuma ruwan ciyawa mai haske ya ishe shi tunda dama ba shi da rarar taurin da za a rage masa. In shuɗi ya kai baki ka yi sake, sai an koma wuta daga farko.

Wajen gamawa ma halinsu daban. Magagari bayan tsomawa yana cin samfefa da haƙuri, amma yana ɗaukar sheƙi. Sifirin ya fi saurin gurzuwa, sai dai ramukan guduma da ɓawon wuta sun fi yawa a jikinsa, in ka jiƙa shi ya kwana a ruwan binega ɓawon yana saki. Ni ina barin baƙin wuta a saman bayan in goge gefen baki kawai, daga samfefa mai lamba 80 zuwa 120 zuwa 220 zuwa 400, kowane mataki sai layukan na baya sun ɓace. In da inji kake gurzawa ka ajiye ruwa kusa kana tsomawa, da ka ga baki ya canza launi ka ƙona taurin wajen, kuma ka sa tabarau don Allah, ido ba shi da sifiya.

Ɓota kuma a nan kowanne yana da hanyar da ta fi dacewa da shi. Wutsiyar magagari siririya ce, sai a huda ice ko ƙahon sa a cusa ta, a sa zoben tagulla ko guntun bututu a wuya don kar icen ya tsage, irin wuƙaƙenmu na gargajiya kenan, marasa nauyi. Sifirin tunda kana da faɗi sai ka bar ƙarfen ya tafi har ƙarshen mariƙi ka manna ice gefe biyu ka ɗaure da ƙusoshi, wannan ko ƙashi ka sara ba ta girgiza. Amma ka huda ramukan ƙusa tun kafin tsomawa, na sha ganin wanda ya manta ya ƙona bakin abin huji uku a banza. Icen ƙirya ko kanya ko maɗaci duk suna yi in sun bushe sosai, ɗanyen ice in hunturu ya zo sai ya tsuke ya bar ƙusa tana rawa. Kube kuma ka kai wa dukawa, in kana da hanyar Marwa fatar can ba sai an faɗa ba. Dukansu biyu suna tsatsa, babu wanda ya tsira, musamman da damina a bakin Binuwai, a wanke a goge a shafa ɗan mai, kar a bar ta kwana cikin kube da danshi.

Toh wa zai ɗauki wanne? In wuƙar da kake so ta aikin gida ce da layya, yanka da daddatsa haƙarƙari da raba gaɓoɓi, ko ta shiga gona da daji, sifirin ba tantama, za ka riƙa wasa ta akai-akai fiye da ta magagari amma minti biyu a dutse ta dawo, kuma in ta haɗu da ƙashi bakin lanƙwashewa yake yi ba ɓantarewa ba. In kuma ƙaramar wuƙa kake so ta fiɗa ko yankan fata ko fere, wadda ba za a taɓa sara da ita ko a yi banƙara da ita ba, magagari ya fi, muddin ka tabbatar na ƙwarai ne kuma ka yarda wataƙila ta farko ta tsage. In ba ka da wurin duka sam, kana haya maƙwabta ba za su ɗauki ƙarar guduma ba, nan ma magagari da gurza shi ne hanyarka, ba abin kunya ba ne. Amma in ƙirar kake so ka koya, kana da fili da gawayi da ƙarfin kafaɗa, ka fara da sifirin ka yi uku daga ganye ɗaya kafin ka taɓa magagari.

Ɗan yayar nan nawa haka muka yi da shi, na karɓi magagarinsa na sa a toka ya yi laushi na ajiye masa, ran Lahadi muka je kasuwar Pitowa muka dawo da buhun gawayi, na yanko masa guntun sifirin tsawon taƙi ɗaya. Ta farkonsa ta ɗan karkace wajen tsini kuma ɓotar ta yi masa kauri, amma ta taurara lafiya a man auduga ba tsaga, uwarsa da ita take yanka kaza yanzu. Magagarin yana nan a leda da ɗan mai a jikinsa sai ya dawo hutun ƙarshen shekara.